Wa Zai Tsaya wa Mai Tsaron Takardu?



Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta ƙungiyar ƙwararru ta masu tsaron takardu, kuma zan ɗauki misalina daga Birtaniya da Ayalan, inda ake da ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da ARA. An kafa ta a 2010, bayan ƙungiyoyi uku sun narke sun zama ɗaya, babbarsu kuwa asalinta tun 1947 ne, shekarar da jami'o'in Landan da Liverpool suka fara koyar da wannan aiki a matsayin fanni mai zaman kansa. Ƙungiyar ta tara masu sana'a uku a inuwa guda. Akwai mai kula da fayilolin ofis tun suna yawo daga tebur zuwa tebur, wanda ke tsara yadda za a buɗe fayil, wa zai gan shi, da shekarun da zai yi kafin a ƙone shi ko a miƙa shi taska. Akwai ma'aikacin taskar tarihi, wanda ke zaɓar abin da za a ajiye dindindin, ya jera shi, ya rubuta bayaninsa yadda mai nema zai samu. Akwai kuma mai jinyar takarda, wanda ke faɗa da danshi da funfuna da gara da tawadar da ke cin takarda. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, babban amfanin irin wannan ƙungiya bai tsaya ga taro da mujalla da takardar shaida ba. Waɗannan mutane uku ma'aikatan albashi ne, kuma abin da aka ba su amanarsa, sau da yawa, shi ne hujjar da wata rana za a kafa a kan mai biyan su albashin. Mutumin da ke cikin wannan tsaka mai wuya yana bukatar wata majingina wadda ba ubangidansa ba, wadda yake jin kunyarta, wadda kuma za ta tsaya masa ranar da ya ce a'a.

Mu fara da abin da ya faru lokacin da babu wanda ya ce a'a. Da mulkin mallaka ya zo gangara, Birtaniya ta bi ƙasashen da take shirin bari tana tace fayiloli. A 1961, sakataren kula da ƙasashen mallaka, Iain Macleod, ya ba da umarnin kada a bar wa sababbin gwamnatoci duk wata takarda da za ta iya kunyata gwamnatin Sarauniya. Wasu aka ƙone, wasu aka zuba a akwatuna masu nauyi aka nutsar a teku, sauran aka kwashe zuwa Ingila, daga baya suka ƙare a wani gida mai tsananin tsaro da ake kira Hanslope Park. Kenya ta nemi nata tun 1967, aka yi ta yi mata hanya-hanya. Sai a 2009 wasu tsofaffi 'yan Kenya, waɗanda aka azabtar a sansanonin tsare mutane zamanin tawayen Mau Mau, suka shigar da ƙara a Landan. Da shari'a ta matsa, a 2011 ma'aikatar harkokin waje ta amsa cewa tana riƙe da fayiloli kusan 8,800 daga ƙasashe 37, adadin da ya haura zuwa kimanin 20,000 da aka gama lissafi. A 2013 gwamnati ta yarda ta biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228, ministan harkokin waje William Hague kuma ya bayyana nadama a gaban majalisa. Ku lura da wani abu a nan. Rabin ƙarni waɗannan fayiloli suka yi a kan kanta, kuma ba aljanu ke share musu ƙura ba. Akwai ma'aikatan da suka san da su, suna wucewa ta gabansu kullum. Ba sai an ce mugaye ne ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kowannensu ya ɗauki kansa ƙaramin ma'aikaci, ya tarar da abu haka, ya bar shi haka, domin wanda zai kai wa ƙara shi ne wanda ya ajiye kayan.

Wani zai ce doka ita ce maganin wannan, ba ƙungiya ba. To ai dokar tana nan. Birtaniya ta yi dokar takardun gwamnati tun 1958, wadda ta wajabta wa ma'aikatu su tace fayilolinsu su miƙa masu muhimmanci ga taskar ƙasa. A 1967 aka rage wa'adin buɗe su daga shekara 50 zuwa 30. Dokar 'yancin samun bayanai kuma ta fara aiki a 2005. Duk waɗannan suna aiki, fayilolin Hanslope suna kwance, ba a miƙa su ba, ba a kuma duba cikinsu idan wani ya aiko da tambaya. Doka ba ta da ido, ba ta shiga ɗakin ajiya. Tana iya cewa kada a lalata takarda mai muhimmanci, amma wani ne zai ɗaga fayil ya ce wannan mai muhimmanci ne, wancan shara ne, kuma a Birtaniya abin da ke tsira zuwa taskar ƙasa bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da gwamnati ke rubutawa ba. Ke nan ƙonawa ita ce galibin aikin, kuma ba laifi ba ce, domin ƙasar da ta ce za ta ajiye kowane rasit ba za ta iya gano komai ba. Inda maganar take shi ne hukuncin da aka bi wajen zaɓen. Hukunci irin wannan kuwa ba a gadonsa daga sashe kaza na doka. Ana koyonsa ne daga waɗanda suka riga ka, ana gwada shi a gaban tsaranka, ana rubuta ƙa'idarsa domin wanda ya karkace a iya nuna masa inda ya karkace. Aikin ƙungiya ke nan.

Dalilin da ya sa nake ganin haɗa sana'o'in uku a gida ɗaya daidai ne, shi ne makomar takarda ana yanke ta tun kafin ta tsufa. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na mutanen da ake kira 'yan Windrush, wato waɗanda suka zo Birtaniya daga tsibiran Karibiyan tun daga 1948, bisa halal, da yawansu suna yara a kan fasfon iyayensu. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata dubban katunan da aka cike musu ranar da suka sauka daga jirgi, duk da cewa wasu ma'aikatan da ke amfani da katunan sun nuna rashin amincewa. Hujjar da aka bayar ita ce kare bayanan sirrin mutane, aka kuma ce katin shi kaɗai ba ya tabbatar da zaman mutum a ƙasa. Ko da an karɓi wannan, bayan 'yan shekaru gwamnatin nan dai ta fara tambayar tsofaffin da suka yi shekara 50 a ƙasar su kawo shaidar zamansu. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani, wasu aka tsare su, aƙalla 83 aka kore su daga ƙasar bisa kuskure, har ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a 2018. Waɗannan katuna ba su taɓa isa hannun ma'aikacin taska ba, balle mai jinya. An yanke musu hukunci ne a matakin ofis, inda ake kallon tsohon fayil a matsayin kayan da ya tare ɗaki. Idan mai kula da fayilolin ofis yana ganin kansa magatakarda ne kawai, ba ruwansa da masu tarihi, to tambayar da zai yi ita ce ko ofis na bukatar wannan takarda bana. Idan kuwa ya zauna a ƙungiya ɗaya da mai taska, suna karanta ƙa'ida ɗaya, zai ƙara tambaya ta biyu: wane ne a waje rayuwarsa ta rataya a kan wannan takarda, ko da shi kansa bai sani ba tukuna?

Ga kuma ɗaya fuskar, inda takarda ta tsira. Masu bin ƙwallon Ingila a cikinku sun san Hillsborough, filin wasa na birnin Sheffield, inda turmutsitsin ranar 15 ga Afrilu 1989 ya halaka magoya bayan Liverpool 96, adadin da ya zama 97 daga baya. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan 'yan kallo. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa, wanda a cikinsa akwai Sarah Tyacke, tsohuwar shugabar taskar ƙasa, ya tattara shafi sama da 450,000 daga hukumomi daban-daban. Aka gano an yi wa bayanan 'yan sanda 164 gyaran fuska, a 116 daga ciki an cire maganganun da ke sukar yadda 'yan sanda suka tafiyar da lamarin. Yadda aka gane hakan shi ne abin lura: rubutun farko ya tsira tare da wanda aka gyara, aka ajiye su gefe da gefe. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a, cewa ba a raba takarda da 'yan'uwanta, ba a sauya jerin da aka same ta a ciki, ba a yar da daftari don an ga kwafi mai tsabta, ita ce ta mayar da tarin takarda ya zama hujja. A 2016 sabon binciken kotu ya yanke cewa kisan ba bisa ƙa'ida aka yi wa mutanen ba.

Yanzu ga suka mafi nauyi, kuma ban ga amfanin kauce mata ba. Za a ce: ƙungiyar da kake yabo asalinta tun 1947 ne, to ina take lokacin da ake ƙone-ƙone a Nairobi, ina take a 2010? Ba ta hana ko ɗaya ba. Haka ne. Ƙari a kan haka, ARA ba ta da ikon majalisar likitoci. Shiga cikinta ganin dama ne, mambobinta 'yan dubbai ne, idan ta kori mutum ba a rufe masa ƙofar aiki da doka. Amma mu duba abin da ke faruwa idan mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai. A Afirka ta Kudu, gab da faɗuwar mulkin wariyar launin fata, hukumomin tsaro sun shiga share sawunsu. Hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta ruwaito cewa hukumar leƙen asiri kaɗai ta lalata kimanin tan 44 na takardu da fim a 1993. Wani ma'aikacin taskar gwamnati, Verne Harris, ya fallasa umarnin, magana ta kai kotu, amma ya yi hakan ne yana kasadar aikinsa, kuma ɓarnar ba ta tsaya cak ba. Tsarin da ya dogara ga samun jarumi a kowane ofis ba tsari ba ne, domin yawancin mutane ba jarumai ba ne, masu iyali ne. Abin da ƙungiya ke yi shi ne rage tsadar faɗin gaskiya. Ma'aikacin da darakta ya ce wa ya ɓatar da fayil, akwai bambanci tsakanin ya ce ransa bai kwanta ba, da ya ce ƙa'idar sana'arsa, wadda ya sa wa hannu, ta hana, kuma sunansa na cikin rajistar da za a iya soke shi. Na farko taurin kai ne a idon darakta, na biyu kuwa gargaɗi ne cewa akwai idanu a waje. Shi ya sa majalisar taskokin tarihi ta duniya, wadda aka kafa a 1948, ta zauna a Beijin a 1996 ta amince da ƙa'idojin ɗa'a, ciki har da cewa mai taska ya ƙi yarda da matsin lamba daga ko'ina don a murɗe hujja. Rashin haƙori dalili ne na a nema wa ƙungiya haƙori. Kuma ko a haka ta samu wasu: tun 2013 akwai tsarin tantance gidajen ajiya a Birtaniya, wanda ARA ke cikin masu gudanar da shi, kuma gidan da ke neman wannan shaida dole ya buɗe ƙofa wasu daga waje su duba ginin, da ma'aikata, da yadda ake barin jama'a su karanta.

Akwai suka ta biyu da ta fi shafar mu. Ƙungiyar ƙwararru, in ji masu wannan ra'ayi, katanga ce: 'yan boko masu digiri su kewaye sana'a, su mayar da duk wanda bai bi ta ajinsu ba ɗan kallo. Wannan ba zargin banza ba ne. A Tumbutu, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye birnin a 2012, waɗanda suka fitar da rubuce-rubuce dubu ɗaruruwa zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da kwalekwale, iyalan da suka gaji littattafan ne, da jagorancin irin su Abdulƙadir Haidara; a cibiyar Ahmad Baba kuwa an ƙone kimanin 4,000 a Janairun 2013. A ƙasar Hausa ma, gidajen malamai sun riƙe littattafai cikin tadarishi da gafaka ƙarni bayan ƙarni ba tare da takardar shaidar kowa ba. Ƙungiyar da ta raina waɗannan ta raina iyayen sana'arta. Sai dai amana daban, sanin sinadari daban. Mai ƙaunar littafin kakansa shi ne ke liƙe yagewa da salatif, bayan shekara 20 danƙon ya jiƙa takardar ya bar tabon da ba ya fita. Su kansu ƙwararrun sun yi irin wannan ɓarna da babban hannu: daga shekarun 1930 manyan taskoki a Amurka da wasu ƙasashe sun yi ta manne takardu masu daraja cikin leda da zafi, suna ganin gata suke yi musu, daga baya aka gane ledar na lalacewa tana cutar da abin da ke ciki. Abin da ya gyara wannan shi ne masu sana'ar sun riƙa haɗuwa suna kwatanta sakamako. Ambaliyar birnin Florence ta Nuwamba 1966, wadda ta jiƙa littattafai sama da miliyan guda a ɗakin karatu na ƙasa, ta tara masu gyara daga ƙasashe da yawa a wuri ɗaya, kuma daga irin wannan cuɗanya ƙa'idar da ake bi yau ta yi ƙarfi: kada ka yi wa takarda abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba, ka yi amfani da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, ka rubuta duk abin da ka yi. Ilmi irin wannan ba ya tsira a kan mutum ɗaya. Katanga za ta zama laifi idan an hana malamin zaure shiga. Idan an buɗe masa ƙofa ya koyi hana funfuna, su kuma su koyi karanta hannun Magaribi da ajami daga gare shi, kowa ya ci riba.

Masu cewa kwamfuta ta kashe wannan magana, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Kundin Domesday na Ingila da aka rubuta a kan fata a 1086 ana karanta shi har gobe. Wanda BBC ta yi a kan faifan zamani a 1986 don tunawa da shi, kafin shekara 20 sai da aka yi aikin ceto domin na'urar karanta shi ta ɓace daga kasuwa. Binciken da aka yi a Birtaniya kan annobar korona kuma ya tarar saƙonnin WhatsApp na wasu manyan jami'ai sun ɓace ko an goge su. Abin da a da sai an haɗa wuta an ga hayaƙi, yanzu da ɗan yatsa ake yin sa, babu mai gani. Wannan ya mayar da nauyin kacokan kan mai kula da fayilolin ofis, wanda dole ya kama bayanin tun ranar da aka haife shi.

Alaƙarmu da wannan labari ta kai tsaye ce. Najeriya na cikin ƙasashen da aka samu fayilolinsu a Hanslope Park. Taskarmu ta ƙasa kuwa ta samo asali ne daga binciken da Kenneth Dike ya yi a farkon shekarun 1950, inda ya ga yadda takardun gwamnati ke lalacewa a ofisoshi. Aka buɗe ofishin ajiya a Ibadan a 1954, doka ta biyo a 1957, aka yi rassa a Inugu da Kaduna, aka sabunta dokar a 1992. Reshen Kaduna na riƙe da rahotannin Razdan da Di'o, da fayilolin En'e, da lissafin haraji da jangali, da wasiƙun sarakuna cikin Larabci da ajami. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana riƙe da nasa. Waɗannan ba kayan masu neman digiri kaɗai ba ne. Rikicin iyakar gunduma, da gardamar gidan da ya cancanci sarauta, da shari'ar fili, sau da yawa can suke komawa. A matakin ofis kuma, babu wanda ke zaune a nan da bai san labarin ɗan fansho da aka ce fayil ɗinsa ya ɓata ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ga jami'in da ya lalata ko ya murɗe takardar da ke hannunsa da gangan. Amma mun riga mun ga iyakar doka, kuma a ma'aikatunmu rajistara ita ce inda ake tura wanda ba a san inda za a kai shi ba, mutumin da ya fi kowa ƙarancin murya a ginin.

Muna da ƙungiyar masu taskar tarihi a Najeriya, don haka maganar ba ta ƙirƙiro sabon suna ba ce. Ma'aunin da na ɗauko daga misalan nan shi ne wanda zan auna kowace irin wannan ƙungiya da shi, tamu ko ta wasu: shin akawun rajistara na ƙaramar hukuma yana da kujera a cikinta, ko ta manyan jami'an taska ce kawai, shin tana da rubutacciyar ƙa'ida da rajistar da za a iya cire sunan mutum, shin ta taɓa fitowa fili ta saɓa wa wata ma'aikata a kan fayil guda takamaimai, shin kuɗin tafiyar da ita daga aljihun mambobi yake fitowa, ko daga hannun hukumar da ya kamata ta sa wa ido. Akwai kuma aikin da ke jiran ta yanzu haka. Fayilolin Hanslope an buɗe su tsakanin 2012 da 2013, amma a taskar ƙasar Birtaniya da ke Kew suke, a gefen Landan, inda ɗalibi daga Zariya ko Sakkwato sai ya samu biza da kuɗin jirgi kafin ya karanta abin da aka rubuta a kan kakanninsa. A 2017 ƙungiyar masu taska da masu kula da fayiloli ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da matsayinta cewa takardun mallakar ƙasashen da aka kwaso su ne, a mayar musu. Kafin a nemi a dawo da kaya, ko a nemi kwafinsu, sai an zauna da jerin abin da ke Kew a hannu ɗaya, da jerin abin da ke Kaduna da Ibadan da Inugu a ɗaya hannun, an bi lambar fayil bayan lambar fayil an ga inda giɓi yake. Wannan aiki ne na shekaru, ba na minista mai wa'adi ba, kuma masu sana'ar ne kaɗai suka iya shi.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.